Lahadi a Gidan Kawu

Shekaranjiya jikata ta dawo daga kasuwa da sabon takalmin fata, ta ajiye shi a gabana tana tambayata ko ya yi kyau. Ban ko kalli ɗinkin ba. Warinsa ne ya riga isowa, warin fatar akuya da aka jeme da bagaruwa aka shafe ta da mai. Nan take na tsinci kaina a zauren Kawu a Dala, ina 'yar ƙaramar yarinya, zaune a kan buzu, ina kallonsa yana huda fata da basilla, bakinsa riƙe da zare.

Na san za ka yi mamaki, mai karatu, idan na ce maka mu Kirista ne, ni da mahaifiyata, kuma a tsakiyar birnin Kano na yi wayo. A wancan zamani Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba, kuma sun shata iyaka: Musulmi 'yan gari a cikin ganuwa, baƙi da masu bin Almasihu a Waje, can Sabon Gari. Duk wanda ya san Kano ta lokacin zai ce maka abin da nake faɗa ba ya yiwuwa. Ya yiwu kuwa, kuma ga yadda aka yi.

Mahaifiyata, wadda nake kira Inna, a wani ƙauye kudu da Kano aka haife ta. Ita ce auta a ɗakinsu. Tana ƙarama, ba ta ko gama famfara ba, mahara suka faɗa wa ƙauyen ana tsakiyar girbi, suka kwashe yara daga bakin gona. Aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu, har ranar da sojan Turawa suka tare ayarin da take ciki suka kwance su. Da aka tambaye ta garinsu ba ta iya faɗa ba. Abin da ta riƙe kawai shi ne akwai rijiya a gindin wata tsamiya, kuma tana da wa wanda yake goya ta. Sai aka kai ta gidan da 'yan mishan suke renon yaran da aka 'yanta, can bakin babban kogi. A nan ta girma, ta koyi karatu da ɗinki, ta karɓi Yesu, aka yi mata baftisma. A nan kuma ta auri mahaifina, wanda shi ma ɗan gidan ne. Aikin jirgin ƙasa ya kawo su Kano, suka kama ɗaki a Sabon Gari, aka haife ni.

Wata rana ta shiga birni, Kasuwar Kurmi, tana goye da ni, za ta saya wa mahaifina takalmi. Badukun da ta tsaya a rumfarsa ya ɗaga kai zai faɗa mata kuɗi, sai ya tsaya yana duban tsagar da ke kumatunta. Irin tasa ce sak. Ya tambaye ta mutuniyar ina ce. Ta ce ba ta sani ba, ta dai san rijiya da tsamiya. Ya ce ta nuna masa bayan hannunta na hagu. Akwai tabon ƙuna a wurin, wanda ta samu ranar da ta rarrafa cikin murhu yana kula da ita, ya sha duka a kai. Inna ta ce mutumin ya ajiye takalmin a hankali, ya rufe fuskarsa da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Shi ne Kawu. Yunwa ta kore su daga ƙauye bayan rasuwar mahaifinsu, ya taho birni da tsohuwarsa ya koyi dukanci.

Ba a daɗe ba sanƙarau ya shigo da bazara ya ɗauke mahaifina. Bayan an share makoki Kawu ya zo Sabon Gari da jaki, ya ɗora akwatin Inna da tabarmarmu, ya ce mu tafi gida. Inna ta ce masa, "Yaya, ka san abin da nake bi. Ba zan ɓoye shi ba, ba kuma zan bar shi ba."

Ya ce, "Na sani. Ɗauko yarinyar."

Gidan Kawu ba babba ba ne. Zaure ɗaya inda yake aiki, sai tsakar gida mai rijiya da bishiyar lemun tsami, sai ɗakuna na ƙasa masu rufin azara. In ka tsaya a bakin rijiyar ka ɗaga kai, ga dutsen Dala nan ja wur a kanka, awaki suna hawa. Matar Kawu tana da ɗakinta da 'ya'yanta, mu kuma muna ɗaki ɗaya da Kaka, mahaifiyar su Inna. Yanar ido ta makantar da Kaka tun kafin mu zo, don haka ba ta taɓa ganin fuskar 'yarta a girme ba. Da hannu ta gane ta. Na sha ganin tana shafa kumatun Inna da yatsu, tana bin tsagar nan, kamar mai tabbatarwa ba a sake sauya mata ita ba.

Asuba a gidan nan iri biyu ce, kuma ni ban ga wani abin mamaki a ciki ba sai da na girma. Ladan zai kira salla, in jiyo Kawu yana kwarara ruwa daga buta, Kaka ta lallaɓa ta fuskanci gabas a kan buzunta. A ɗaya gefen ɗakin Inna za ta durƙusa a bakin gado, ta jawo ni kusa da ita, mu yi addu'ar Ubangiji ƙasa-ƙasa. Kafin mu sa hannu a tuwo mukan sunkuyar da kai, 'ya'yan Kawu su yi bisimilla, sa'an nan mu ci a akushi ɗaya. Da azumi Inna ce take dama kunun tsamiya ta soya ƙosai, don ita ce mai sauran ƙarfi da yamma, kuma ba ta taɓa bari na ci abu a gaban masu azumi ba. Da Kirsimeti takan dafa shinkafa da zabi. Kawu ne yake yankawa, don kowa ya ci hankali kwance.

Ranar Lahadi kuwa tamu ce. Tun Asabar Inna take wanke mana kaya ta sa bula, ta ninke su ta ɗora dutsen niƙa a kai su kwanta. Da hantsi mu fito, ita da lulluɓinta kamar kowace matar birni, Linjilarta a naɗe cikin ƙyalle a ƙarƙashin hammata. Mu bi lungu-lungu, mu wuce masu rini da hannuwansu baƙi ƙirin, mu wuce ƙofar gidan wasu Larabawan Turabulus inda ƙamshin alkaki yake tsayar da ni sai Inna ta ja hannuna. Mu fita ta Ƙofar Mazugal, mu ratsa Fagge inda raƙuma suke durƙushe, sa'an nan mu fara jin ƙararrawa. Ba ƙararrawar gaske ba ce, guntun ƙarfen dogo ne aka rataye a bishiya ana bugunsa da guduma, amma har gobe ban ji wadda ta fi ta daɗi ba.

Majami'ar ta laka ce da rufin kwano. Yarabawa ne suka fi yawa, da Nufawa, da akawuna mutanen Saliyo masu kwat da hula a cikin zafin nan. Sujadar safe da harshensu ake yi da Turanci, mu zauna a baya muna bin tashi da zama. In an tashi, sai mu masu jin Hausa, da ba mu cika benci uku ba, mu koma wata rumfa a gefe. Mai bishararmu wani tsoho ne Bazazzagi, mai sanyin murya, wanda yake karatu yana bin layi da yatsa. A nan Inna take zama wata daban. Matar da a gida ba ka jin muryarta sai ka matso, a rumfar nan ita take ɗaga waƙa, idonta a rufe, kowa ya bi ta. In an zo baiko, wani ya ajiye anini, wata ƙwai, wata damin gero. Mu dawo da rana tsaka, ƙafafunmu fari fat.

Kawu bai taɓa tambayarmu abin da aka yi a can ba. Amma duk ƙarshen damina zai kira ni zaure, ya sa in taka wata fata, ya zana ƙafata da bakin wuƙa. Ya yi mini takalmi, ya yi wa Inna, masu kaurin ƙasa fiye da na sayarwa. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Hanyar taku da nisa."

Kaka ce ba ta haƙura ba. Ba ta zagi, ba ta gori, amma ba ranar da za ta wuce ba ta yi maganar ba. Takan bari sai Inna tana tsefe mata kai, sai ta ce, "Auta, an raba ni da ke a duniya, na yi kuka har idona ya tafi. Kada ki bari a sake raba mu a lahira." Inna ba ta gardama da ita. Takan ce, "Iya, wanda ya tsare ni a hannun mahara har ya dawo da ni cinyarki, shi nake bi. Ba zan iya juya masa baya ba." Sai Kaka ta yi ajiyar zuciya, Inna ta ci gaba da kitso. Ina jin su, kuma ko a lokacin na gane cewa kowacce tsoron rasa 'yar'uwarta take yi.

Abin da ya kusa fitar da mu daga gidan ya faru ne a wata damina mai ruwa. Daren Asabar aka soma, har gari ya waye bai ɗauke ba. Kududdufai suka cika suka haɗe, rafin Jakara ya yi ambaliya, katangu suna zubewa a unguwa kana jin rugugin. Ba hanyar fita Waje. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana duban sama, sa'an nan ta ce mini, "Sa kayanki. Yau a nan za mu yi." Muka sa fararen kayanmu, muka zauna a bakin gado. Ta karanta mini labarin yadda Yesu ya tsawata wa iska a cikin jirgi, ta yi addu'a domin waɗanda gidajensu suka faɗi, sa'an nan ta ɗaga waƙa. Ƙarar ruwa ta sa ta saki murya kamar tana rumfa. Ba mu lura ruwan ya tsagaita ba, muryarta ta haye katanga ta shiga maƙwabta.

Kafin Laraba magana ta zaga unguwa cewa an buɗe coci a gidan baduku. Aka ƙara mata gishiri, wai Turawa suna zuwa a ɓoye, wai ana yi wa yara wanka da wani ruwa. Matar Kawu ta je gidan suna ta dawo ba ta ci komai ba, don ba wadda ta matsa mata wuri.

Ran Alhamis bayan la'asar mai unguwa ya zo da dattawa biyu. Mutumin kirki ne, ya san Kawu tun zuwansa birni, kuma ka ga alamar ba da son ransa ya zo ba. Suka zauna a zaure. Mu mata muna tsakar gida, asabari ne kawai tsakaninmu, muna jin komai. Mai unguwa ya ce shi ya kau da kai shekara da shekaru saboda zumunci, amma yanzu jama'a sun yi magana, kuma in ta wuce shi ta kai gaba, ba ya da abin cewa, tunda Turawan ma da kansu suka ce masu wannan addini su zauna a Waje. Ko dai baiwar Allah nan ta bar abin da take yi, ko ta koma can.

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Marainiya take riƙe da ita."

Mai unguwa ya ce ya sani, amma ba shi kaɗai ne a unguwar ba.

Sai Inna ta matsa jikin asabarin ta durƙusa, ta gaishe su. Ta ce, "Ranka ya daɗe, waƙa zan iya sassauta ta, kuma ina ba maƙwabta haƙuri. Amma addu'a da zuwa sujada ran Lahadi, in na ce maka zan bari na yi maka ƙarya. In zamana zai jawo wa Yaya wahala, gobe da safe zan koma Waje, ba tare da riƙe kowa a zuciya ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fara ninke kayanmu. Ni kuwa na tsaya a tsakar gida, ina duban rijiya da lemun tsami da 'ya'yan Kawu. A nan na ji Kaka tana laluben sandarta. Ta ce, "Ke, zo ki kai ni zaure."

Na riƙe mata bakin sandar, na ɗaga asabarin. Mazan suka gyara zama, don a shekaru ta haifi kowannensu. Ba ta zauna ba. Ta juya fuskarta wajen da ta ji numfashin mai unguwa, ta ce:

"Ɗan nan, ranar da aka ɗauke yarinyar nan daga bakin gona, Musulmi ne cike da garinmu, ba wanda ya bi sawunta. Ban ga laifinsu ba, kowa ta kansa yake yi. Waɗancan 'yan mishan su suka tsince ta, suka cire mata ƙaya, suka ba ta abinci, suka rufa mata asiri har ta zama mace. Abin da suka ba ta shi ta riƙe. Ni ba na son sa. Kullum ina roƙonta ta dawo, kuma zan yi ta roƙonta har ranar da za a rufe ni. Amma a ɗakina zan roƙe ta, tana tsefe mini kai. In kun fitar da ita, ku nemo wanda zai ɗauke ni, don a bayanta zan tafi, in je in mutu a Sabon Gari, a ce tsohuwar Dala ce unguwarta ta kora."

Ɗaya daga cikin dattawan ya buɗe baki, mai unguwa ya ɗaga masa hannu. Sa'an nan ya ce, "Iya, na ji. Koma ciki ki huta." Ya juya ga Kawu ya ce kada waƙa ta sake haye katanga, kada kuma wani daga Waje ya zo taro a gidan. Sauran magana shi zai san yadda zai yi da ita.

Kada ka ɗauka abin ya wuce a banza. Wani maƙwabci ya janye ɗansa daga koyon dukanci a wurin Kawu. Wasu da suka saba yin takalmin Salla a hannunsa suka koma wani wuri, kuma akwai gidan da har muka bar unguwar ba su sake amsa gaisuwar Inna ba. Shekarar nan miyarmu ta sha ruwa. Kawu bai taɓa ambata shi ba. Lahadin da ta biyo baya kuwa muka sa fararen kayanmu muka fito da hantsi, ta gaban kowa. Inna tana gaida na zaune a dakali ɗaya bayan ɗaya, wanda ya amsa da wanda bai amsa ba.

Kaka ta ƙara shekaru kaɗan. Ciwonta na ƙarshe lokacin girbi ya zo, ana shigo da sabon gero birni. Inna ta bar zuwa sujada makonni, tana juya ta, tana wanke ta, tana ba ta kunu da ludayi. Ranar da za ta cika, da hantsi, kanta yana kan cinyar Inna, Kawu yana gefe yana laƙƙana mata kalmar shahada. Ta faɗa. Can ta ɗaga hannu ta lalubi kumatun Inna, ta ce, "Auta, har yanzu?"

Inna ta ce, "Har yanzu, Iya."

Kaka ta ce, "To. Allah ya fi mu sanin abin da zai yi da mu." Ba ta sauke hannun ba sai da rai ya fita.

Matan unguwa ne suka yi mata wanka, kamar yadda addininta ya tanada. Inna ta ja ruwa a rijiya, ta ɗumama, ta daka ganyen magarya, ta miƙa musu ta bakin ƙofa, ta koma gindin lemun tsami ta durƙusa tana addu'arta. Daga baya na tambaye ta ko abin ya yi mata ciwo. Ta ce, "Ta wanke ni ina jaririya, na wanke ta tana da rai. Wannan na ƙarshe nasu ne."

Na girma, aka yi mini baftisma da yardar kaina, na auri wani malamin makarantar mishan, kuma Kawu ne ya ba da aurena. Inna ta biyo ni Sabon Gari da tsufanta. Ranar da ta rasu Kawu ya riga ya ranƙwafa, amma ya ƙi hawa komai, ya tako da sandarsa tun daga Dala. Bai shiga majami'a ba. A maƙabarta ya tsaya nesa a gindin wata bishiya har muka gama waƙa. Da aka zo zuba ƙasa sai ya matso, mutane suka buɗa masa, ya durƙusa da ƙyar ya ɗiba da hannu biyu.

Yanzu ganuwar ta zube, an faɗaɗa ƙofofin, mota tana shiga ko'ina. Tafiyar da muke yi tun hantsi, a daidaita sahu zai kai ka kafin ka gama gaisawa da direba. Majami'armu ta zama ƙaton gini mai lasifika, ana sujada da Hausa benci ya cika har waje. Duk da haka jikokina ba su san cikin birni ba, suna tsoronsa, kuma na san akwai yara a Dala da suke tsoron unguwarmu. Ba na ce tsoron ba shi da dalili, na ga abin da na gani a garin nan. Amma ni ba wanda zai koya mini cewa Kirista baƙo ne a Kano, ko cewa Musulmi abokin gabana ne. A ɗaki ɗaya na ga an yi salla an yi addu'a, kowa ya riƙe nasa da gaske, ba wanda ya sassauta don ya faranta wa wani, kuma ba wanda ya saki hannun ɗan'uwansa.

Gidan yana nan. Jikan Kawu ne a ciki, ya manyanta shi ma, har ya je Makka. Duk Salla yakan aiko mini da nama, duk Kirsimeti yakan zo da kansa ya gaishe ni. Zuwansa na bana na ce masa ƙarfina ya ƙare, kuma ina da roƙo ɗaya: ranar da za a kai ni, ina son a samu wani daga gidanmu na Dala a bakin ramin.

Ya gyara hularsa, ya ce, "Gwaggo, ai ba sai kin roƙa ba. Wa zai riga mu zuwa?"